Wandon Baba Tela

Gishiri aka fara hana Baba Tela. Likita ne ya auna shi, ya ce jininsa ya ɗan hau, a rage masa gishiri. Amma maganar ta yi ƙiba a hanya. Kafin motar ɗansa Injiniya ta iso ƙofar gida, an riga an yanke cewa tsoho da gishiri sun rabu har abada.

Daga gishiri sai mai. Wannan Injiniya ne ya tsinto a wayarsa, inda wani mutum mai farar riga yake nuna jijiya ta toshe kamar bututun banɗaki. Daga mai sai nama. Auta, 'yar Baba da ke aure a wani gari mai nisa, ita ta bugo waya hankali tashe, ta ce nama ne ya kashe surukin ƙawarta, yana cikin taunawa ya tafi. Maman Yara, matar Injiniya, ta ga kowa ya kawo gudunmawarsa ita kaɗai ta rage, sai ta soke ƙwai. Madara da sukari kuwa ba a ma san wanda ya kore su ba, an wayi gari ne kawai babu su.

Duk wayoyin gidan, babu wadda ta san abin da tsoho zai ci. Abin da zai bari kaɗai suka sani.

Sai farantinsa ya koma kabeji da aka dafa a ruwa zalla, da karas, da farar shinkafa da ba ta fi cikin tafin hannu ba. Karas ɗin ma ba a barin shi ya nuna, wai kada amfaninsa ya gudu. Haƙoran Baba kuwa sun riga amfanin gudu. 'Yan da suka rage, na sama suna gabas na ƙasa suna yamma, ba sa haɗuwa. Yakan tsotsi karas ɗin ya ajiye a gefe. Faranti ya koma kicin da saura.

"Ka gani ko?" Maman Yara ta kan ce wa mijinta. "Wannan ɗin ma ba ya cinyewa. Cikin tsufa ke nan."

Sai aka ƙara ragewa, don kada a yi almubazzaranci.

Ɗakin Baba yana can bayan gida, jikin kicin. Gado, tabarma, butarsa, sai tsohon kekensa na ɗinki da ya ƙi yarda a sayar. In su Injiniya za su ci abinci sukan rufe ƙofar falo, saboda tausayi, kada ransa ya biya. Amma ba wanda ya tuna da tagar kicin. Ta nan ƙamshin albasa a mai yake shigo masa, yadi-yadi, ya kwanta masa a ƙirji. Shi kuwa mutum ne mai nisan tunani tun yana saurayi, sai ya lumshe ido ya riƙa yanka ƙamshin nan da almakashi a ransa: wannan na gaba, wannan na baya, na soyayyen kifin nan a yi aljihu da shi. Kafin su gama ci ya ɗinka babbar riga. Sai ya buɗe ido ya tarar da kabeji yana jiransa.

Wata safiya ya miƙe, wandonsa ya ƙi miƙewa tare da shi. Ya dubi wando a ƙasa, ya ji kunya irin ta mai sana'a. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa barin mutum ya fita daga shagonsa da tufa tana yi masa lilo ba, shi ne yanzu zai yi yawo kamar an rataye buhu a ƙusa? Ya hau keke, ya kama ƙugun wando, ya ci shi ta ciki. Riga ma ya rage mata kafaɗa da gefe. Ɗinki mai kyau, ba ka ganin ko bakin zare.

Bayan ɗan lokaci wando ya sake sauka. Ya sake ragewa. Da ƙafarsa ta kasa taka keken sai ya koma allura da hannu. Jiki na zubewa, tufa na binsa a baya. Duk wanda ya gan shi sai ya ga dattijo tsaf, kaya sun zauna masa cif.

Abokin hirarsa a gidan shi ne Manaja, magen Maman Yara, wani ƙato mai wuya kamar na ɗan dambe. Shi ba wanda ya auna jininsa. Kan kifi, fatar kaza, ragowar madarar yara, duk nasa ne. Yakan ci ya ƙoshi ya zo ƙofar Baba ya baje yana lasar baki.

"Ranka ya daɗe," Baba yakan ce masa, "wane likita kake gani? Ka haɗa ni da shi mana."

Wata rana da hantsi, gida shiru, Baba ya fito yana dafa bango. Ya tarar da kwanon Manaja a bakin kicin, da kan kifi guda soyayye, har da idonsa. Ya tsaya ya duba hagu, ya duba dama. Mutum ne da bai taɓa cin ko guntun yadin wani ba, amma ya lissafa a ransa cewa shi da magen nan 'yan gida ɗaya ne, kuma shi ne babba. Ya sunkuya ya ɗauka.

Manaja ya ƙwala wani kuka kamar an taka masa wutsiya. Maman Yara ta fito da gudu, ta tarar da surukinta tsugune, kan kifi a hannu, mai a leɓe.

"Innalillahi! Baba! Kwanon mage?"

"Aro na yi, 'yata. Zan biya shi."

Da yamma aka yi taro a falo, aka sa Auta a waya. Baba yana jiyo su ta bango.

"Rikicewa ce ta fara," in ji Injiniya. "Na karanta. Suna manta cewa sun ci."

"Wayyo Babana," Auta ta ce tana sheshsheƙa. "Kifin soyayye ne? Da gishiri?"

"Da komai."

"Shi ke nan, za ku kashe mini uba! Ku riƙa kulle kicin ɗin nan!"

Aka sayo kwaɗo. Aka mayar da kwanon Manaja falo.

Da Auta ta zo ganin gida, Baba ya ɗaura niyyar faɗa mata. Ita ce 'yar lelensa, wadda yake goyawa a shago tana wasa da ƙyallaye. Ta shigo da ƙamshin turare, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ja baya tana ƙare masa kallo.

"Kai, Baba, ka ga yadda kayanka suka zauna maka! Ni da ake ce mini ka rame. Wallahi Yaya da matarsa suna ƙoƙari."

"Auta," ya ce a hankali, "yunwa nake ji."

Ta yi dariya ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Ai mai lafiya ne yake jin yunwa. Ga tsarabarka."

Ta zaro wani kwali na ganyen shayi mai ɗaci, wanda aka ce yana wanke ciki. Baba ya juya kwalin a hannunsa, yana mamakin abin da shayin zai tarar a can da zai wanke.

Daga nan abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba su yi sallama ba. Allura ta soke shi a yatsa, ɗan ciwon da a da ko kallo ba ya yi masa, ya ƙi warkewa, ya kumbura ya yi ruwa. Sanyi ya riƙa kama shi da tsakar rana. In ya tashi tsaye sai ɗakin ya yi masa juyi ɗaya kafin ya tsaya. Sai tari, wani busasshe da ke fitowa daga can ƙasa. Maman Yara ta ce ƙurar tsofaffin yadukan nan ce. Injiniya ya ce canjin yanayi ne, kowa a ofis yana yi. Auta ta ce a daina ba shi ayaba, tana kawo majina. Dama ayabar ce kaɗai abin da yake iya haɗiyewa ba da faɗa ba.

Da safe ne ya faɗi, a banɗaki, bai ma yi ƙarar kirki ba. Maman Yara ta ce ta ɗauka tsintsiya ce ta zame. Injiniya ya sunkuya ya tattara ƙarfinsa zai ɗaga mahaifinsa, sai ya kusa faɗuwa ta baya. Ya yi shirin ɗaukar buhu, ya ɗauki matashin kai.

A asibiti aka kwantar da shi a babban ɗakin maza, gadaje jere, kowa da mai jinyarsa. Likitar wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sa aka cire masa riga. Da rigar ta fita, sai Baba ya fito: haƙarƙari a jere kamar haƙoran mataji, hannu kamar sandar tsintsiya, fata na reto. Maman Yara ta toshe baki. Likita ta juya rigar ta ciki, ta ga ɗinki a kan ɗinki, kowanne ya ci na bayansa.

"Wa ke rage masa kaya?"

"Ni ne," Baba ya ce daga kwance, da ɗan alfahari. "Ba a gane ba ko?"

"Ba a gane ba, Baba. Aikinka ya yi kyau, har ya kusa kai ka kabari." Ta juya wurin Injiniya. "Huhunsa ya kamu, jininsa ya yi ƙasa, yatsan nan ya ruɓe. Duk za mu yi magani. Amma yunwa ce ta buɗe musu ƙofa. Me yake ci a gida?"

"Yunwa?" Injiniya ya waiga ya ga duk ɗakin an yi tsit, har mai nishin gadon ƙarshe ya dakata. "Likita, a rage murya. Yunwa a gidana? Buhun shinkafa nake saya. Kula da shi muke yi. Ba mai, ba nama, ba ƙwai, ba madara..."

"Na ji abin da babu. Me ke akwai?"

"Kabeji," in ji Maman Yara, muryarta ƙasa-ƙasa.

A gadon da ke kusa akwai wani tsohon direba, ƙafarsa a rataye cikin siminti. Ya ɗago kai ya ce, "Kabeji da me, Hajiya?"



"Wa ya ce ku hana shi duk wannan?" Likita ta tambaya.

Injiniya ya ce Auta. Auta, da ta iso ido jajir, ta ce ita nama kawai ta ce. Maman Yara ta ce ita bin umarni take yi, kuma ai ba ya cinyewa. Duk suka haɗu a kan cewa likitan farko ne ya jawo.

"Tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki, wani lokacin fiye da ku," Likita ta ce. "Mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ƙwai, madara, kifi, wake, naman da ya dahu lugub. Gishiri a rage, ba a ce a rage shi shi kansa ba."

Washegari sai ga kuloli. Maman Yara ta shigo da biyu, direbansu na biye da kwando. Auta ta zo da tata, ta fi ta Maman Yara girma da gangan. Aka buɗe su a tsakiyar ɗaki, yadda ƙamshi zai kai gadon ƙarshe: farfesun kaza, kifi, dafaffen ƙwai, madara mai ɗumi.

"Baba, ci mana," Maman Yara ta ce da ƙarfi, tana satar kallon masu jinya. "Ka san kullum fama nake da kai."

Cokali kaɗan cikinsa ya iya karɓa a farko. Da romon ya sauka, sai ya ji kamar an kunna fitila a wani ɗaki da aka daɗe da rufewa. Hawaye ya zo masa, ya ce barkono ne. Ragowar kuwa aka raba wa ɗaki. Tsohon direban gadon kusa ya ci cinyar kaza har biyu, ya suɗe yatsu.

"Tela," ya ce bayan sun tafi, "'ya'yanka 'yan albarka ne. A gaban mutane."

"Haka suke tun suna yara. In baƙo ya zo, har ruwa suke kawo mini ban tambaya ba."

"To ka roƙi Allah kada a sallame ka."

Baba ya ɗauki shawarar da gaske. Jiki ya fara dawowa, tari ya lafa, yatsa ya kama hanyar warkewa, amma duk sanda Likita ta zo zagaye sai ya narke a gado ya ƙaƙaro tari. Ranar farko ta ƙyale shi. Rana ta biyu ta sa abin aunawa a ƙirjinsa ta saurara.

"Baba, wannan tarin ɗinkin hannu ne."

"Likita, ki bar ni ko a baranda ne. Zan riƙa yi muku gyaran labule."

Ta yi murmushi, amma idonta bai yi ba. "Gadon nan wani tsohon yana jiransa, irin ciwonka ne da shi. Na yi wa 'ya'yanka bayani, sun ce sun gane."

Sun gane ɗin, har zuwa kwanar titi ta farko bayan asibiti. Ranar da aka sallame shi, Baba yana kujerar bayan mota ya lumshe ido, suka ɗauka barci yake.

"Amma dai a bi a hankali," in ji Injiniya. "Ƙwai kullum? Likitocin nan ma ba bakinsu ɗaya ba."

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji Auta. "Kada a fita daga wannan a faɗa shanyewar ɓarin jiki. Wa zai iya jinyarsa?"

"Kuma ni kaɗai ce a kicin," Maman Yara ta ce. "Tukunya biyu, sau biyar a rana, ga yara."

Kwanakin farko an yi abin kirki. Sannan ƙwai ya koma na ranar da aka tuna. Madara ta fara yin ruwa. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa, Auta ta koma gidanta. Wata rana da azahar aka turo masa faranti, ya buɗe, sai ga tsohon abokinsa kabeji, an ɗora masa wani ɗan guntun kifi a ka kamar hular aro.

Baba ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya rufe shi, ya ɗauki sandarsa, ya rataya 'yar kujerar kekensa a hannu. Ya ratsa tsakar gida yana hutawa, ya wuce ƙofar falo a rufe, ya zare sakatar babbar ƙofa. Ya dasa kujera a bakin titi, ya zauna, ya ɗora faranti a cinya, ya buɗe shi sosai.

Titi cike da mutane, 'yan makaranta na dawowa, masu shaguna na zaune a inuwa.

"Bismillah!" Baba ya ce wa mai kantin da ke tsallake. "Zo mu ci!"

Mai kanti ya tsallako don ya yi masa barka da sallama daga asibiti. Ya leƙa farantin, ya dubi Baba, ya sake leƙawa.

"Baba, zomo kuka fara kiwo ne?"

"Nawa ne. Kula da ni ake yi. Malama, bismillah! Mai gyara, a zo a taɓa!"

Malamar makarantar da ke maƙwabtaka ta tsaya, mai gyaran babur ya taso yana goge hannu. Kafin ka ce me, an yi wa faranti da'ira ana kallo kamar an kama wata baƙuwar dabba. Malama ta ce, "Ba wannan ne aka ce yunwa ta kwantar da shi ba?" A daidai nan Maman Yara ta leƙo, gyale a karkace.

"Baba! Wayyo, an yi kuskure, ba naku ba ne wannan!" Ta fizge farantin tana yi wa jama'a dariyar da ba ta kai ciki ba. "Naku yana kan wuta. Ku shigo ciki mana."

"A'a, 'yata, kawo nan. Iskar nan tana buɗe mini ciki."

Aka kawo. Shinkafa mai laushi da miya, kifi guda sukutum an zare masa ƙaya, da kofin madara mai kauri. Baba ya ci a nutse, yana amsa gaisuwa tsakanin loma da loma.

Washegari tun da safe ya fito da kujerarsa. Jibi ma haka. Da rana ta yi zafi sai ya matsa jikin katanga. Yana ci yana kallon gidajen layin, manyan ƙofofi masu fenti, kowanne da ɗan ɗakinsa a can baya, jikin kicin. Ya san tsohuwar gida mai koriyar ƙofa, shi ya ɗinka mata kayan aurenta na fari. An ce tana nan da rai, ana kula da ita sosai. Ita ƙafarta ba ta kai ta ko bakin ɗaki, balle titi. Ba mai leƙa farantinta sai wanda ya zuba. Ya ajiye cokali, ya kurɓi madara.

Da yamma Injiniya ya dawo daga aiki, ya ajiye mota, ya zo ya durƙusa a gefen kujerar yana magana ta cikin haƙora.

"Baba, don girman Allah. Duk unguwa maganarmu ake yi. Mai kanti har tambayata yake me ka ci jiya. Ka koma ciki. Na rantse duk abin da kake so za a ba ka. A falo ma za ka riƙa ci, tare da mu."

Baba ya tsame ƙashin kaza daga baki, ya duba shi gaba da baya, ya ajiye a gefen faranti. Ya dubi ɗansa da tausayi, don ya san da gaske yake, kamar yadda yake da gaske a asibiti. Sannan ya ɗaga kai ya dubi sama, inda gajimare ya fara haɗuwa ta gabas.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "In kana son ka yi mini alheri, nemo kafinta ya kafa mini 'yar rumfa a nan. Damina ta kusa."